Jadawali ko Takardar Salo: Da Wanne Ya Kamata a Tsara Shafin Intanet?

A ƙarshen daminar da ta wuce, ma'ajin wata ƙungiyar masu casar shinkafa a nan Birnin Kebbi ya kira ni ofishinsu domin in duba musu shafin intanet da wani ɗalibi ya gina musu. A kan kwamfutar ofis shafin ya fito tsaf, sunan ƙungiya a sama, jerin hanyoyi a gefen hagu, hotunan buhuna a tsakiya, farashi a dama. Sai Alhajin ya zaro wayarsa daga aljihun riga, ya buɗe shafin nan dai, ya miƙo mini yana cewa, “Malam, duba wanga abu. Kullum sai na buɗa shi da yatsu biyu, in ja shi nan in ja shi can, kamin in ga farashin da mu da kanmu munka sa.” Da na karɓa na ga gaskiyarsa, domin shafin ya ƙanƙance gaba ɗaya ya koma kamar rubutun da ke jikin kwalin magani, kuma da zarar an faɗaɗa shi sai rabinsa ya fice daga fuskar wayar.

Da na buɗe rubutun HTML da ke bayan shafin, wato harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, na tarar da abin da na zata. Ɗalibin ya zuba shafin gaba ɗaya cikin wani babban jadawali mai faɗin fiksel 960 (fiksel shi ne ɗigon da ake auna allo da shi), sa'an nan a cikin gurabunsa ya sake dasa wasu jadawalan, har hawa huɗu a wani wurin. Ban ga laifin yaron ba, domin abin da ya tarar ke nan a tsohuwar takardar darasin da ya koya da ita, kuma ya yi aikin da tsabta gwargwadon hanyar da aka nuna masa. Tambayar da ma'ajin ya yi mini bayan haka ita ce mai nauyi: a lallaɓa wannan ɗin ne, ko a rushe a sake ginawa da takardar salo, kuma wane bambanci ne zai sa ƙungiya ta biya kuɗin aiki ɗaya sau biyu?

Jadawali a harshen HTML an ƙirƙire shi ne domin jera bayanai a layukan kwance da na tsaye, irin sakamakon jarrabawa ko lokutan salla na wata guda, inda kowane gurbi yake samun ma'anarsa daga kanun da ke samansa da sunan da ke gefensa. Mai tsara shafi da jadawali aron wannan kayan aiki yake yi, ya ɓoye layukan da ke raba gurabun, ya mai da kowane gurbi ɗaki, ya ajiye tambari a wannan, labari a wancan, kamar yadda manomin fadama yake yanka gonarsa fangali-fangali. Takardar salo kuwa, wadda aka fi sani da CSS, fayil ne dabam da ake rubuta dokokin kamanni a cikinsa: launin rubutu, girmansa, tazarar da ke tsakanin sassa, da wurin da kowane sashe zai zauna. Shi HTML sai ya tsaya ga faɗin abin da kowane abu yake, cewa wannan kanun labari ne, wannan sakin layi ne, wannan jerin hanyoyi ne, ya bar maganar ado da zama ga takardar salo.

Yana da kyau a san yadda aka yi jadawali ya zama kayan gini, domin waɗanda suka fara haka suna da hujjarsu. Burauzar Netscape, ɗaya daga manhajojin buɗe shafukan intanet, ta fara nuna jadawali a 1995, kuma ya shiga ƙa'idar HTML 3.2 a watan Janairun 1997. A wancan lokacin babu wata hanya tabbatacciya ta ajiye abu biyu kafaɗa da kafaɗa a kan shafi in ba shi ba. Ita takardar salo, Håkon Wium Lie, ɗan ƙasar Norwe, ya gabatar da shawararta a watan Oktoban 1994 yana aiki a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Jeniba, wurin da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro yanar gizo. Daga baya Bert Bos ya haɗu da shi, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar da matakin farko na CSS a watan Disamban 1996, mataki na biyu kuma a watan Mayun 1998. Sai dai fitar da ƙa'ida daban, bin ta daban. Internet Explorer 3 ta ɗauki wani ɓangare ta bar wani, Netscape 4 ta cika da kurakurai, Internet Explorer 5 ta Windows kuma tana auna faɗin akwati ta hanyar da ta saɓa wa ƙa'ida, ta yadda shafin da ya zauna daidai a wata burauza sai ya wargaje a wata. Masu aiki da ke da abokan ciniki a kansu sai suka tsaya ga jadawali, har suka ƙirƙiro dabarar cusa wani ɗan mitsitsin hoto marar launi, mai faɗin fiksel ɗaya, suna miƙe shi domin ya tokare gurbi kada ya rufe.

Al'amarin ya fara juyawa ne a watan Oktoban 2002 lokacin da shafin labarai na Wired ya sake fasali ba tare da jadawalin gini ba, sa'an nan a 2003 Dave Shea ya buɗe CSS Zen Garden, inda rubutun HTML guda ɗaya tak yake fitowa da kamanni iri-iri saboda kawai an sauya takardar salo. Duk da haka, gaskiya ita ce shekaru da dama bayan nan masu goyon bayan jadawali suna da abin faɗa. Dabarar da masu CSS suka dogara da ita a lokacin, wadda ake kira float, an yi ta ne domin rubutu ya kewaye hoto, wato su ma aro suke yi, kuma abubuwa biyu da jadawali yake yi cikin ruwan sanyi, daidaita tsawon ginshiƙai da ajiye abu a tsakiyar gurbi daga sama zuwa ƙasa, sun daɗe suna ba su ciwon kai. Wannan hujja ta mutu ne da zuwan sababbin hanyoyin CSS na jera sassan shafi, wato Flexbox, sa'an nan Grid, wanda Firefox da Chrome da Safari suka fara aiki da shi duk a watan Maris na 2017. Duk wanda yake maimaita cewa CSS ba ta iya ginshiƙai, labarin kafin wannan shekarar yake bayarwa.

Ga mai zaɓi a Kebbi a yau, maganar waya ita ce kan gaba, kuma a nan ne tazarar ta fi faɗi. Dillalin da ke Jega ko Kamba ko Yauri da zai nemi farashin ƙungiyar nan, da wuya a ce kwamfuta zai buɗe, wayar hannunsa zai duba, wadda faɗin fuskarta a ma'aunin shafi yakan kasance wajen fiksel 360 zuwa 400 da 'yan kai. Layin kwance na jadawali ba ya karyewa. Idan an jera gurbi uku a layi ɗaya, to uku ɗin nan za su ci gaba da zama kafaɗa da kafaɗa ko da wurin bai ishe su ba, saboda haka burauzar waya ba ta da zaɓi sai ɗayan biyu, ko ta ƙanƙantar da shafin gaba ɗaya har rubutu ya gagari ido, ko ta bar shi ya zarce gefe mai karatu ya riƙa ja da yatsa. Abin da ya sami Alhaji ke nan. Da takardar salo kuwa ana iya kafa sharaɗi, a ce idan faɗin allo bai kai fiksel 600 ba, sassan nan uku su sauka su hau kan juna, farashi ya zo farko, hotuna su biyo, jerin hanyoyi ya naɗe ya koma maɓalli ɗaya, idan kuma allon ya fi haka faɗi su koma gefe da gefe. Rubutun HTML ɗin bai canza ba ko da harafi ɗaya. Ethan Marcotte ne ya raɗa wa wannan salon aiki suna responsive web design a 2010, kuma ƙa'idar sharuɗɗan allo ta tabbata a W3C a 2012. Tun watan Afrilun 2015 Google yake fifita shafukan da suka dace da waya a binciken da aka yi ta waya, daga baya ma ya koma duba fasalin waya na shafi kafin na kwamfuta wajen jera sakamako. Wani zai ce ai ana iya tilasta wa gurabun jadawali su sauka kan juna. Haka ne, amma da CSS ɗin dai ake tilasta musu, wato mutum ya ɗauki wahalar hanyoyi biyu domin ya sami amfanin guda.

Sai maganar gyara, wadda masu ba da kwangila ba su cika tunawa da ita ba sai ranar da ta taso. Shafin ƙungiyar nan yana da sassa goma sha biyu, kuma a kowanne an rubuta launin kore da faɗin gurabu da girman rubutu a jikin alamomin jadawalin kansu. Da shugabanni za su ce a sauya koren nan zuwa ruwan ƙasa, sai an buɗe fayil goma sha biyu an bi gurbi-gurbi, kuma ko mai haƙuri ne sai ya tsallake wani. Da takardar salo layi ɗaya za a taɓa, sassan duka su amsa. Wannan ya shafe mu masu rubuta Hausa ta wata fuska ta musamman, domin ba kowane nau'in rubutu ne yake ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma idan aka zaɓi wanda ba shi da su, sai burauza ta aro su daga wani nau'in, kalma ta fito da harafi ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa kamar haƙorin Makka. Ranar da aka gano haka, gyaran wuri ɗaya ya fi gyaran wuri ɗari. Haka nan ana iya rubuta dokoki na musamman domin bugawa a takarda, ta yadda idan sakatare ya tura sanarwa ga firinta, jerin hanyoyi da hotunan ado za su ɓace, sanarwar kaɗai ta fito. Amma kada a ɗora wa CSS abin da ba nata ba. Idan lambar wayar ƙungiya ce ta canza kuma an rubuta ta a kowane sashe, takardar salo ba za ta gyara ta ba, domin wannan bayani ne, maganinsa yana wurin manhajar da ke haɗa sassan shafi daga tushe ɗaya.

A kan nauyi da cin data ba zan tsawaita ba, domin an sha zuzuta shi fiye da kima. Gaskiya ne cewa jadawali cikin jadawali yana ninka yawan alamomin da za a sauko da su a kowane sashe, alhali takardar salo sau ɗaya burauza take sauko da ita ta adana ta, ta yi amfani da ita a sauran sassan. Gaskiya ne kuma cewa burauza, a yadda take auna jadawali bisa al'ada, tana buƙatar sanin abin da ke cikin gurabu kafin ta tsayar da faɗin ginshiƙai, shi ya sa a inda sabis yake da rauni shafi yakan yi ta tsalle yana sake zama. Amma hoto ɗaya da aka ɗora kai tsaye daga kyamarar waya ba tare da an rage shi ba ya fi dukan alamomin jadawalin shafin nauyi nesa ba kusa ba, kuma na sha ganin shafukan CSS da aka lafta wa manyan kundayen salo na aro waɗanda ba a amfani da ko kashi ɗaya cikin goma nasu. Wanda yake jin tausayin datar mutanen ƙauye, ya fara da hotuna.

Akwai kuma masu karatun da ba a gani, wato makafi da masu raunin gani da ke amfani da manhajar karanta allo, irin TalkBack a wayoyin Android, ko VoiceOver a na Apple, ko NVDA a kwamfuta. Manhajar tana bin rubutun HTML ne a jere, gurbi bayan gurbi, layi bayan layi, kuma idan ta ɗauki abu a matsayin jadawali takan sanar da yawan layukansa da ginshiƙansa kafin ta shiga. Abin da ido yake gani a haɗe, kamar hoto da bayaninsa da ke ƙarƙashinsa a wani layin, kunne yana iya jin sa a rabe, da wasu abubuwa uku a tsakani. Tun 1999 ƙa'idojin W3C na sauƙaƙa shafi ga masu buƙata ta musamman suka yi gargaɗi a kan haka, kuma ƙa'idar HTML5 da ta tabbata a watan Oktoban 2014 ta faɗa a sarari cewa bai kamata a yi amfani da jadawali wajen tsara zaman shafi ba.

To a ina jadawali yake da gaskiya? Wuri na farko shi ne aikin da aka halicce shi dominsa, kuma a nan ina da ƙorafi a kan matasan da suka ji an ce jadawali ya tsufa suka yi watsi da shi ɗungurungum. Na ga wanda ya jera sakamakon ɗalibai da tarin akwatunan div, wato alamar HTML ta raba shafi sassa-sassa, ya sha wahala yana daidaita su da CSS har suka yi kama da jadawali, alhali da ya yi amfani da jadawalin gaske da ya gama cikin minti goma, kuma manhajar karanta allo da ta iya gaya wa makaho cewa wannan lamba ta darasin lissafi ce ta ɗalibi kaza. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. Ina ɗaukar gurbi ɗaya in tambayi kaina ko yana da kanu a samansa da suna a gefensa waɗanda in babu su ba shi da ma'ana. Farashin buhun shanshera a Argungu ranar kaza yana da su, domin lambar ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an san gari da rana. Jerin ƙananan hukumomi 21 na jihar nan tare da hedikwatar kowace da masarautar da take ciki, ko Gwandu ko Argungu ko Yauri ko Zuru, shi ma jadawali ne na halak. Tambarin ƙungiya kuwa ba shi da kanu a sama, ba shi da suna a gefe, zama kawai aka ba shi. Idan za a yi jadawalin gaske, a yi shi cikakke, a sa masa take da alamar caption, a bambanta gurabun kanu da alamar th, sa'an nan a bar wa takardar salo launinsa da kaurin layukansa, a kuma sa shi cikin akwatin da zai ba shi damar gungurawa gefe shi kaɗai a kan waya ba tare da ya ja sauran shafin ba.

Wuri na biyu shi ne saƙon imel mai ado, irin wanda bankuna da makarantu suke aikawa da tambari da ginshiƙai. A nan da tsohuwar zuma ake magani har gobe. Dalili kuwa shi ne, tun daga fitowar Outlook 2007, wannan manhajar imel ta kwamfutocin Windows ta koma amfani da injin Microsoft Word wajen nuna saƙo, shi kuwa bai san Flexbox ko Grid ba, kuma sauran manhajojin imel kowace da irin dokokin salon da take yankewa. Saboda haka ƙwararru ma da jadawali suke gina irin wannan saƙo, suna rubuta salon a jikin kowace alama, suna ƙara wa jadawalin alamar da ke gaya wa manhajar karanta allo cewa na ado ne kawai, ta wuce shi. Idan ƙungiya ba ta aika irin wannan saƙo, kuma mafi yawan namu ta WhatsApp suke sanarwa, wannan togaciya ba ta shafe ta ba.

Saura hujjar sauƙin koyo, wadda ita ce ɗalibin ya kawo mini da muka haɗu. Ya ce, “Malam, shi jadawali ina ganin abin da nake yi, ita kuwa CSS sai in taɓa nan can ya motsa.” Na yarda da rabin maganarsa. Takardar salo tana da dokokin gado da na rinjaye, inda doka ɗaya take danne wata, kuma mai koyo yakan yi kwanaki yana mamakin abin da ya hana launinsa fitowa. Amma na zaunar da shi na rubuta masa gini irin nasa da Grid a gabansa, kai da gefe da tsakiya da gindi, cikin layukan da ba su kai ashirin ba, har da sunayen sassan da Hausa, domin Grid yana barin mutum ya raɗa wa kowane yanki sunan da ya ga dama ya zana taswirar zamansu. Da ya ga na sauya taswirar domin waya da ƙarin layuka biyar, sai ya yi shiru yana kallon nasa mai hawa huɗu.

Abu ɗaya da na ja kunnensa a kai shi ne burauzar waya ta Opera Mini, wadda har yanzu mutanenmu da dama suke buɗe shafi da ita saboda tsimin data. A yanayinta na matsanancin tsimi, kwamfutocin kamfanin ne suke buɗe shafin su matse shi kafin su turo wa waya, kuma ba kowace sabuwar dabarar salo ce take tsira a wannan hanya ba.  Maganin wannan shi ne a rubuta HTML a jeren da yake da ma'ana ko da babu ado ko kaɗan, kanu sa'an nan farashi sa'an nan sauran bayani, ta yadda idan burauza ba ta gane Grid ba, sai ta jero sassan daga sama zuwa ƙasa, wanda dama shi ake so a ƙaramin allo. A nan ma shafin jadawali ne yake shan kashi, domin shi ba shi da wani jeren da zai koma idan gininsa bai samu shiga ba.

Shawarar da na ba ma'ajin ita ce kada a taɓa rubutu da hotunan da aka riga aka tara, a cire su daga cikin gurabun, a sake zuba su cikin HTML mai tsabta da takardar salo guda ɗaya, kuma ɗalibin nan dai ya yi aikin domin shi zai ci gaba da kula da shafin. Da a ce shafin tsohon kundi ne da ba mai sabunta shi kuma ba mai buɗe shi a waya, da na ce a bar shi yadda yake, kuɗin ya tafi wani wurin. Daga cikin jadawalai sama da talatin da muka ƙirga a sassan goma sha biyu, guda ɗaya muka bari, na farashi, mai garuruwa a gefe da ranaku a sama. Bayan mako biyu na koma ofishin na tarar da Alhaji ya ɗora wayar a kan buhu yana karanta wa wani dillali farashin Argungu da na Jega, tabaransa na cikin aljihu.